Fartanyar da Aka Ajiye a Bakin Gonarmu

Tun ranar da mijina, Baban Jamila, ya ce zai noma gonar mahaifina a bana hankalina bai kwanta ba. A lokacin ba abin da ya faru. Ko hadari bai fara haɗuwa ba, zafin Mubi na nan yana dafa mutum a cikin ɗaki. Amma duk sa'ad da ya ambaci gonar sai in ture kwanon abinci.

Ya ce, "Ke dai kin cika tsoro, Hauwa. Masara ta yi tsada, ɗinki ba ya riƙe gida yanzu, ga gona tana kwance ciyawa na ci. In bar ta saboda me?"

Ban taɓa ba shi labarin yadda muka bar ƙauyen ba. Ya san dai an yi rigima. Shi ɗan Sabon Layi ne, nan aka haife shi, iyayensa daga wajen Katsina suka zo da sana'ar ɗinki. Ƙauyenmu kuwa yana can ta wajen Sorau. Ba zan faɗi sunansa ba, masu shi za su gane.

Ruwa ya sauka, ya je ya yi shuka, masara ta fito. Makon jiya ya koma duba ta, ya dawo da la'asar ƙafarsa duk caɓi, yana dariya, da fartanya a kafaɗa.

"Kin ga mutanen garinku da kirki? A bakin gona na same ta, an jingina ta da kututture. Na tambayi masu wucewa, ba mai ita. Wani tsoho ma ya ce, ai taka ce, ɗauki."

Ina wanke wa Jamila kai, jaririna na goye a baya. Na ɗago na dubi ƙotar fartanyar. An naɗe wuyanta da jar fata. Sai da yarinyar ta yi ihu sabulu ya shiga idonta sannan na tuna da ita.

Unguwar da aka haife ni Rumde ake kiran ta. Sai da na girma na san ma'anar sunan: wurin da ake zaunar da bayi su yi noma. Kakannin kakanninmu daga kan duwatsu aka kamo su. Sama da mu akwai unguwar babban gida, gidan Jauro mai garin, da danginsa. Masallacinmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, yarenmu ɗaya. An ce bauta ta ƙare tun kafin a haifi kakata. Amma duk damina, in shuka ta isa noman firi, wato noman farko, sai a aiko da fartanya mai jar fata a ajiye ta a ƙofar babban Rumde. Ba a magana. In ka ɗauke ta, ka amsa kira ke nan. Washegari duk namiji mai ƙarfi zai tafi gandun Jauro, kuma ba mai sa fartanya a tasa gonar sai an gama musu tasu.

Gayya suke ce masa. Ƙarya ne. Gayya ana ramawa, ka yi mini yau in yi maka gobe. Ni ban taɓa ganin ɗan babban gida ya sunkuya a gonar ɗan Rumde ba, ko sau ɗaya.

Kwanakin baya ina soya awara a ƙofar gida, rediyon maƙwabcinmu na ba da labarin Amurka. Aka ce a da can rabin ƙasar da bayi suke noma, rabin kuma ba sa so. Duk sabuwar ƙasa da suka samu sai a yi ta gardama ko za a kai bauta can. Manya su zauna su liƙe maganar, ta sake ɓallewa, su sake liƙewa, har suka ɗauki bindiga a kan junansu. Ni ban san Amurka ba, karatuna a firamare ya tsaya. Amma na tsaya da matsami a hannu har awarar ta ƙone, don na taɓa ganin irin wannan da idona, a garin da kowa ya san sunan kakar kowa.

Mu ma liƙe-liƙen aka yi ta yi. A da har mata suna zuwa dakan babban gida. Aka yi ƙorafi, tsohon Jauro ya ce to mata su huta. Daga baya samari suka fara ƙunƙuni, aka sake zama, aka ce Rumde za ta noma tsohon gandu kaɗai, duk gonar da babban gida ya ƙara daga baya ba ruwanmu. A kan haka ake zaune sa'ad da na yi wayo.

Shekarar da nake ba ku labari ban wuce shekara tara ko goma ba. Da rani tsohon Jauro ya kwanta, rabin jikinsa ya shanye, babban ɗansa da ake kira Yerima ya karɓi ragamar gida. Yerima ya kawo tarakta ta sare masa wani daji a ƙetaren mayo, rafin da ya bi ta gefen garin. Fili ne mai faɗi, in ka tsaya a wannan baki ba ka gane mutumin da ke wancan. Mazan Rumde suna wucewa suna kallo. Na ji Dada, mahaifiyata, tana ce wa Baba, "Wa zai nome masa wannan duka?" Baba ya ce, "An riga an yi magana." Dada ta ce, "Da mai lafiya aka yi maganar."

Ruwa ya makara. Bazarar ba ta da kyau. Iska ba ta motsi, kaji suna buɗe baki a gindin rumbu, dare da rana jiki a jiƙe. Mayo ya bushe ƙaf. Mukan tona rami a cikin yashi mu zauna a baki muna jiran ruwa ya tsatso, mu riƙa kwarfa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan, tafin ƙafa na ƙuna. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, a yi ta kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsar da shi.

Da aka samu ruwan farko kowa ya fita da gudu. Baba na gaba yana sara da sungumi, ni da yayana Hamma Sali muna bi muna jefa dawa muna rufewa da diddige. Ta tsiro, kore shar, har Dada ta yi guɗa. Sai sama ta rufe bakinta. Muna kallo shukar ta naɗe ganye, ta yi fari, ta kwanta. Da ba don irin da Dada ta ɓoye a cikin gora ta toshe da toka ba, da ba mu sake shuka ba a shekarar.

A lokacin rumbunmu ya kai inda sai Dada ta shiga da duk jikinta take kankaro abin da ya rage. Tuwo ya koma sau ɗaya, da yamma. Da safe kunun dusa, tsararo, kana ganin fuskarka a ciki. Ƙanwata Ummi tana nono, ga ta da dariya, haƙoranta biyu na ƙasa sun fito.

Da ruwan ya tashi dawowa kuwa sai ya dawo da fushi. Kullum ruwa. Ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka cika gari da kuka, da safe muna tsintar shinge mu soya a kasko mu ci da gishiri. Mayo ya kawo ja wur, yana jan itatuwa. Dawa ta fito, amma harƙiya ta riga ta. Ciyawar nan kamar ana jan ta da hannu, ka kwana ka tashi ta ƙara tsawo. Duk manomi ya san in ba a yi firi a makon nan ba, shukar ta tafi.

A makon aka ajiye fartanya a ƙofarmu, don Baba ne babba a Rumde a lokacin. Ya fito da asuba ya gan ta, ya daɗe a tsaye, sannan ya sunkuya ya ɗauka.

Suka tafi tsohon gandu. Ni ina cikin yaran da ke kai musu ruwa. Maza a jere, bayansu tsirara, ruwa da gumi na gangara tare, makaɗi na bin su da ganga. Yerima na zaune a gindin ɗorawa a kan buzu, da farar riga. Da rana a kawo tuwon dawa da miyar kuka a cikin wasu tsofaffin akusa, waɗanda ake ajiyewa daban saboda mu, ba a haɗa su da kwanonin gida ko a wajen wanke-wanke. Ni a lokacin murna nake, don in maza sun ci sun rage mu ne da suɗi, kuma a kwanakin nan ne kaɗai na ƙoshi. 

Aka gama gandu. Baba ya mai da fartanyar, ya wuce gonarmu kai tsaye ko gida bai biya ba. Ciyawa ta kai masa gwiwa, dawar ta yi rawaya a ƙarƙashi, siririya kamar tsinke. Ya yi kunya ɗaya biyu kafin duhu.

Da gari ya waye, ga fartanya mai jar fata a ƙofarmu kuma.

Kowa ya gane: sabon filin ƙetaren mayo ake nufi. Mazan Rumde suka taru a ƙofar gidanmu, kuma a nan na fara ganin mu ma ba bakinmu ɗaya ba. Bappa Umaru, ƙanin Baba, ya ce, "Yaya, mu je mu yi mu huta. Kwana nawa ne? Da su muke zaune. Iyayenmu sun yi ba su mutu ba."

Baba ya ce, "Sun mutu, Umaru. Kai ne ƙarami, ka manta. A gandu babanmu ya faɗi, da hannuna na ɗauko shi."

Wani ya ce in an ƙi za a ƙwace gonaki. Wani ya ce in an yarda bana, baɗi wani dajin za a sare. Hamma Sali, yana saurayi mai zafin kai, ya ce a jefa ta a mayo. Baba ya daka masa tsawa. Ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sa takalminsa na taya, ya ɗauki fartanyar da yatsu biyu ya nufi babban gida.

Ina rijiya a lokacin, rijiyar kuwa a gaban zauren take, don haka komai a kunnena. A garinmu ɗan Rumde ba ya taka dandalin zauren nan da takalmi, tun daga gindin durumi ake tuɓewa. Baba ya wuce durumin bai tsaya ba. Matan da ke jan ruwa suka saki guga.

Ya yi sallama, ya ajiye fartanyar a gaban Yerima. "Ga kayanku. Mun yi gandu kamar yadda aka yi da mahaifinka. Na ƙetaren mayo ba ya cikin magana."

Yerima bai dubi fartanyar ba, ƙafar Baba ya duba. "Hammadu, ka manta wani abu."

"Ban manta ba. Akwai ƙaya a hanya."

"Ƙaya? Kakanka a kan ƙaya ya tako tun daga dutse har nan, da igiya a wuya, bai yi ƙorafi ba."

'Yan zauren suka kwashe da dariya. Baba ya bari suka gama.

Ya ce, "Yerima, ni da kai rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ni na riƙe maka hannu kana kiran innarka. Na gan ka ka gan ni, ban ga abin da ke jikinka da babu a nawa ba. Dawata na mutuwa. 'Ya'yana tafasa suke ci."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Yerima ya miƙe. "Gonar da kake cewa taka, wa ya ba ka? Ta kakana ce. Mai noman ta ma na kakana ne."

Baba ya juya ya tafi, da takalminsa.

Ba a yi faɗa ranar ba, ba a yi washegari ba. A hankali abin ya riƙa cin garin. Da farko aka ce matan Rumde su jira sai matan sama sun gama jan ruwa, ko da mu muka riga zuwa. Sai mai injin niƙa, surukin babban gida, ya ce injinsa ya lalace, amma muna jin ƙararsa. Matanmu suka daina sayen nono a hannun matansu. A masallaci dama mazanmu a sahun baya suke tsayawa, ko sun riga kowa zuwa. Wata Juma'a Hamma Sali da abokansa suka shige sahun gaba, aka janyo su ta riga ana cikin tayar da iƙama. Kafin mako ya zagayo Rumde ta kafa nata masallacin na zana. Ƙawata Fanta, jikar Jauro, wadda muke wasan 'yar tsana tare, ta gan ni a hanya ta tofar da yawu ta ce, "Korɗo." Baiwa ke nan. Ban san inda ta koya ba, jiya-jiya ba ta san kalmar ba.

Liman ya yi ta kai da kawowa da goro a aljihu. Ya zo ya ce a yi rabin sabon filin. Rumde ta ce a'a. Ya koma ya dawo ya ce to samari kaɗai su je, magidanta su zauna. Babban gida ya ce raini ne. Ya ce a yi bana kawai, baɗi a sake zama. Wannan shi ne abin da har yau ya fi ci mini rai. Duk masu shiga tsakanin nan, dattawa da malamai da masu zuwa daga garuruwan kusa, ciniki suka zo yi, kwana nawa, kunya nawa, wa zai je wa zai zauna. Ba mutum ɗaya da ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce, jama'a, babu bawa a garin nan, ku daina. Sun san haka ne. A zaurensu suna faɗa. A gaban Yerima sai su ce al'ada ce, a bi a hankali.

Ana wannan, maza suna noman gonakinsu da sanda a gefe, ido ɗaya a kan hanya. Aiki ba ya sauri. Abinci ya ƙare ƙaf a yawancin gidaje. Mukan fita da Dada mu yago tafasa da yaɗiya, a dafa a matse, a ci da gishiri ba ko ƙuli. Cikina ya riƙa ƙugi yana murɗawa, bakina kullum kore. Ruwa kuma bai fasa ba, ɗaki na yoyo, itace a jiƙe, hayaƙi ya cika ido.

Ranar da abin ya fashe da hantsi ne, bayan an kwana ana ruwa. Ni da Dada muka ɗauki ɗan kunu za mu kai gona, gonarmu kuwa a bakin mayo take. Tun daga nesa muka ji ihu. An koro shanun babban gida cikin dawarmu, wadda Baba ya sha wuya ya ceto, suna ci suna tattakawa, makiyayan na tsaye sun rataya sanda a wuya suna kallo. Hamma Sali ya zabura da adda ya sari wata saniya a agara, ta durƙushe tana kuka. Kafin ka ce wani abu mutanen sama sun gangaro, na Rumde sun fito daga gonaki. Sanda, adda, fartanya, har da kwari da baka. Mutanen da suka yi sallar idi tare. Ina jin ƙarar sanda a kan kai kamar ana fasa kabewa.

Dada ta danne ni a cikin kunya, Ummi na tsala ihu a bayanta. Ta ƙarƙashin hannunta na ga wani ya ɗaga adda a kan Hamma Sali, Baba ya sa hannunsa na dama ya tare. Na ga wani saurayi na babban gida, Abba, ɗan ƙanwar Yerima, ya ja da baya santsi ya kwashe shi ya faɗa mayo. Abba ne ke ɗan zuba mini madara a ƙoƙo in na wuce yana tatsa. Kansa ya ɓullo sau ɗaya a cikin jan ruwan. Can ƙasa aka tsinci gawarsa daga baya.

Da labarin Abba ya isa sama, suka zo suka sa wa Rumde wuta. Jinka a jiƙe take, ba ta ci sosai, sai hayaƙi baƙi mai wari ya kwanta a kan unguwa. Rumbunan da ba komai a ciki ma sai da aka fasa su. Sai da komai ya lafa 'yan sanda suka iso, suka kwashe mazan da suka samu, na sama da na ƙasa, aka bar mata da tsofaffi.

Ciyawa ta cinye gonakinmu. Ta cinye tsohon gandu, ta cinye sabon filin da aka yi rigimar dominsa. Ko zangarniya ɗaya ba a yanka a cikinsa ba.

Sauran daminar ba na son tuna ta. Muna kwana a rabin ɗaki da ya tsira, Baba na asibiti, Hamma na tsare. Nonon Dada ya ƙafe. Ummi ta riƙa tsotsa tana saki tana kuka, daga baya ta daina kukan. Ƙafafunta suka kumbura, in ka danna da yatsa ramin ya zauna. Gashinta ya yi ja. Wata safiya wasu mata kiristoci daga kan dutse suka sauko da kwanduna, masara ɗanya da gwaza. Wata tsohuwa a cikinsu ta zauna kusa da Dada ta riƙe mata hannu, ta ce da 'yar Hausarta, "Ku ci, yarana. Kakan ku daga wurin mu ne an kama shi." Muka gasa masarar muka ci har da totuwa muke tsotsa. Dada ta tauna ta sa wa Ummi a baki, amma ta riga ta wuce haɗiya. Kafin sabuwar gyaɗa ta fito muka binne ta a bayan gida.

Masu zuwa gaisuwa suka cika tabarma. Har da waɗanda suka yi ta kai goro. Kowa ya ce ƙaddara ce, sharrin shaiɗan ne, a yi haƙuri. Na yarda da ƙaddara. Amma ni na ga wanda ya ajiye fartanya, na ga wanda ya koro shanu, na kuma ga waɗanda suka yi shiru, duk da fuskokinsu da sunayensu.

Da kaka muka taho Mubi. Hannun Baba ya warke a shanye, bai sake riƙe fartanya ba. Gadin wani shago ya yi a Sabon Layi har Allah ya karɓi ransa. Bappa Umaru ne ya zauna a ƙauye yana ɗan taɓa gonar, shi ma bara ya rasu. Yerima kuwa yana nan da ransa, shi ne Jauro yanzu, gemu fari fat.

Duk wannan na zauna na gaya wa Baban Jamila a ranar, a tsakar gida, tuwo na sanyi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ni? Ni za a kira gandu? Ya san ko ni wane ne? A je Katsina a tambayi gidanmu, ba a taɓa sayen kowa ba a zuriyarmu!"

Ban san sa'ad da na miƙe ba ni ma. Na ce, "Au, abin da ya ɓata maka rai ke nan? Da ɗan Rumde ne ya ɗauka, daidai ne? To ga Jamila nan, jikar Hammadu ce. Ga wanda ke bayana. Su a je ina a tambaya?"

Ya dubi yarinyar, tana zaune a kan turmi tana cin ƙanzo. Ya koma ya zauna. Can ya ce, "Ba haka nake nufi ba." Na ce, "Haka ka faɗa." Ya ce, "Na faɗa. Ki yafe ni." Ya ce tun kafin aurenmu goggonsa ta je ta binciko ta gaya masa asalinmu, ya ce ya ji ya gani. Na san mutumin kirki ne. Amma kun ga inda abin yake kwance, har a bakin mai ƙaunarka.

Shekaranjiya Hamma Sali ya zo. Yanzu direban a-kori-kura ne, yana da 'ya'ya biyar, amma idonsa irin na ranar nan ne a bakin mayo. Ya ce ba gonarmu kaɗai aka yi wa ba, duk ɗan Rumde da tsadar abinci ta mai da shi noma bana an aika masa. Wai Yerima ya ce ana so a raya al'adar gari. Hamma ya ce 'yan Rumde na Mubi sun yi ta waya da juna, ranar kasuwar Sorau mai zuwa zai cika motarsa da su, su je har zauren, kowa da takalminsa.

Na ce, "Hamma, da me za ku je a hannu?"

Ya ce, "Ke dai ki yi mana addu'a."

Na ce, "Na tambaye ka da me za ku je."

Ya sa hularsa ya fita.

Baban Jamila ya ce shi ma zai bi su. Ya ce ba zai sunkuya a gandun kowa ba, kuma ba zai bar masararsa ciyawa ta ci ba, duk abin da muka tara a cikinta yake. Ni ma ba na so ya sunkuya. In ya yi, da wane ido zan dubi kabarin Baba? Amma ba na so a kawo mini shi a bayan mota. Yarana biyu, ƙaramin ko zama bai fara ba, kuma na san abin da ke samun mai shan nono in maza suka tafi ba su dawo ba.

Don haka ga roƙona ga wanda ya karanta wannan. In ka gane garin, in kana da dangi a babban gida, ko kai malami ne, ko mai sarauta, ko dai mutum ne kai da ake jin maganarsa a wajen, don Allah ka je kafin ranar kasuwa. Kada ka je raba kwana, kada ka ce a yi rabi, kada ka ce a yi bana kawai. Ka tsaya a gaban Yerima, mutane na ji, ka ce masa babu bawa a garin nan, ba wanda zai nome masa gona sai wanda ya biya ko wanda ya ga dama. Sannan ka tare Hamma Sali ka gaya masa an faɗa, ya sauke abin da ke cikin motarsa.

Yanzu nake son ka zo, mijina na da rai. In ka bari sai ranar gaisuwa, ka zauna a gidanka, ba zan shimfiɗa maka tabarma ba.